Motar da Ke Warkewa Kafin Ta Isa Gareji

Corolla ce 'yar Kwatano, ƙirar 2004, kuma ciwon nata na safiya ne kawai. Idan aka tayar da ita bayan sallar asuba sai ta kama karkarwa, sitiyari na rawa a hannu, silo na hawa yana sauka. Ta mutu a ƙofar gida, a sake murza makulli ta tashi, ta kuma mutuwa a kwanar farko. Amma kafin hantsi ya dubi ludayi ta ware sarai, ta ja fasinja da buhunan gero kamar ba ita ce ta gama shure-shure ɗazu ba. Abin da bai taɓa warewa ba shi ne wutar nan ruwan ɗorawa mai siffar inji da ke gaban direba, wadda makanikai ke ce wa cek. Ita ta kama ke nan, safe da yamma.

Mai motar kawuna ne, mutumin Abare a ƙaramar hukumar Anka. Matsalar 'yan bindiga ta sa ya kwaso iyalinsa ya dawo cikin garin Anka, kamar yadda mutanen ƙauyuka da dama suka yi, amma gona da dangi suna can, kuma da motar nan yake ciyar da gidansa. Ranar kasuwa ya yi lodin fasinja, wata rana ya ɗauko mara lafiya zuwa babban asibitin Anka, wata rana ya miƙa Daki Takwas ko Gummi. Wanda motarsa ta mutu a tsakiyar Kano, asararsa ɓata lokaci ce da kuɗin janwe. Wanda tasa ta mutu a dajin da ke tsakanin Anka da Bagega kuwa, lissafin rai yake yi. Ga fetur kuma, tun da aka cire tallafi a ranar 29 ga Mayun 2023 kowace lita sai an ji ta a aljihu, motar kuwa ta ɗan ƙara sha.

Makanikensa na cikin Anka, dattijon da ya shekara da shekaru yana taɓa motar, ya yi abin da aka saba yi. Ya canja fulogi, ya kwance nozul ya wanke, ya cire kan batir na ɗan lokaci ya mayar. Wuta ta mutu, Kawu ya biya ya tafi. Washegari karkarwa ko fashi ba ta yi ba, ba a jima ba wutar ma ta dawo.

Dawowar tata ba abin mamaki ba ne. Cire kan batir mantuwa kawai yake sa wa ƙwaƙwalwar mota, wadda ake kira birenbos. Akwai matsalolin da ba ta kunna musu wuta sai ta gan su a tafiya biyu a jere, don haka direba kan samu ɗan hutu ya ɗauka an gyara. Babbar asarar ma ba nan take ba: a daidai lokacin da ƙwaƙwalwar ta kama matsala, takan ajiye bayanin halin da injin ke ciki, zafinsa, juyinsa, gudun motar. Wanda ya cire kan batir ya share wannan shaida da hannunsa. Ban ga laifin dattijon ba. A kan Peugeot 504 da kafireta ya koyi sana'a, lokacin da kunne da sukudireba suka isa a gano ciwon inji, kuma har gobe kunnensa na kama abin da yara ba sa ji. Motar ce ta zo daga wani zamani.

Tun daga ƙirar 1996 doka ta wajabta wa duk motar da za a sayar a Amurka ta zo da tsarin binciken kai da ake kira OBD-II. Asalin abin yaƙi da hayaƙi ne, kuma jihar Kalifoniya ce ta ja gaba. Turai ta bi sahu a 2001 ga masu shan fetur, a 2004 ga masu shan dizal. Tunda yawancin motocin da ke kan titunanmu kwancen waɗannan ƙasashe ne, kusan kowace tana da soket mai ramuka 16 a ƙarƙashin sitiyari, inda ake jona na'ura a tambaye ta abin da ke damunta. Don haka aka ce wa Kawu ya kai ta Gusau a sa mata kwamfuta.

Ya bi ta Mayanci ya shiga Gusau da rana tsaka, injin na kaɗawa lafiya lau. Mai kwamfutar ya jona, ya karanto P0171, ya ce oksijin sensa ce ta mutu, kuma an yi sa'a akwai sabuwa a shagon maƙwabcinsa. Aka ɗaura, aka goge lambar, wuta ta mutu. Kawu mutum ne mai ƙin barin kayansa a gareji, sai ya sa aka ƙunshe masa tsohuwar a leda ya jefa a but. Ya koma Anka, gari ya waye, mota ta ci gaba daga inda ta tsaya.

Lambar nan tana da karatu, kuma ba mai wuya ba ne. Harafin P na nufin ƙorafin daga inji ne ko giya. Sifirin da ke biye na nufin ma'anarta ɗaya ce a kowace mota, Toyota ce ko Honda ko Golf. Ɗayan da ke bin sa na nuni ga awon iska da mai. Da 3 ne a wurin, da maganar tartsatsin fulogi ake yi, irin su P0301. Gaba ɗaya P0171 cewa take yi: iska ta rinjayi mai, na yi ta ƙara man har na kai iyakata. Babu inda ta ambaci mutuwar sensa. Injin fetur yana son giram 14.7 na iska ga kowane giram ɗaya na mai. Akwai na'urar awon iska a bakin eyakilina, wadda makanikai ke ce wa eyafulo, ita ke faɗa wa ƙwaƙwalwa yawan iskar da ta shigo. Ƙwaƙwalwa ta yi lissafi ta umarci nozul ya fesa mai daidai gwargwado. Bayan an ƙone, oksijin sensa da ke kan bututun salansa ta shinshina hayaƙin ta kawo rahoton ko haɗin ya yi daidai. Ita ce mai kawo labari, shi ya sa ita aka fi saurin ɗora wa laifi. A ganina wannan ɗabi'a ta a jona kwamfuta, a karanto lamba, a sayar wa mutum da abin da ya fi kusa da lambar, ta fi aikin lalube na dā cutarwa, domin mai mota ya ga na'ura da idonsa, ba zai yi musu ba.

Da sabuwar sensa ta gaza, Kawu ya fito da abin da ya daɗe yana cin sa a rai.

"Ni dai na san abin da ac cikin ƙasarmu," in ji shi. "Ƙurar nan da tak kashe muna ɗiya, ita motag ga ka shaƙa kullum. An yi ta ba yara maganin masassara alhali ba ita ta ba. Haka an ka yi ma motag ga."

Babu mutumin Abare da zai ji wannan magana ya yi dariya. A watan Maris na 2010 ma'aikatan ƙungiyar likitoci ta MSF da ke zagayen sa ido kan sanƙarau suka samu labarin yara ƙanana na ta mutuwa a ƙauyukan Anka da Bukkuyum. Amai, ciwon ciki, jijjiga, sai rasuwa. An ba da maganin zazzaɓin cizon sauro, an ba da na kashe ƙwayoyin cuta, babu sauƙi. Sai da aka aika jinin wasu yara ɗakin gwaji a Hamburg ta ƙasar Jamus aka gano gubar dalma ce. Duwatsun zinaren da ake kawowa cikin gida a daka a turmi ko a niƙa a injin niƙan hatsi suna cike da dalma, ƙurar ta bi tsakar gida inda yara ke rarrafe suna kai hannu baki. A wasu wurare an auna dalma a ƙasa ta haura kashi 100,000 cikin miliyan, alhali ƙa'idar Amurka a lokacin ga wurin wasan yara 400 ce. Yara kimanin 400 suka rasu. Aka fara kankare ƙasar gidaje ana binnewa ana zuba sabuwa a Dareta da 'Yar Galma a tsakiyar 2010, tare da kamfanin TerraGraphics na Amurka. Abare da Sunke da Duza da Tungar Daji da Tungar Guru suka biyo baya daga ƙarshen shekarar zuwa farkon 2011. Bagega sai a 2013.

Kuma zargin nasa yana da tushe a ilimin mota. Dalma na kashe oksijin sensa, tana kuma kashe matatar hayaƙin nan da ake kira indomi, domin takan lulluɓe farin ƙarfen filatinam da suke aiki da shi. A 1923 aka fara sayar da fetur mai dalma a Amurka don hana inji ƙwanƙwasa, kuma zuwan motoci masu matatar hayaƙi a 1975 na cikin abin da ya tilasta aka fara janye shi. Ƙasashen Afirka kudu da Sahara sun yi alkawari a Dakar a 2001, suka daina a farkon 2006. Aljeriya ce ta rufe ƙofa a 2021. Ta hanyar fetur dai dalma ba za ta shiga motar Kawu ba. Saura ƙura. Sai dai tambaya ɗaya ta tsaya wa zargin a wuya: dalma kan ci sensa ne a hankali, wata da watanni, to yaya za a yi sabuwa fil ta kawo ƙorafi iri ɗaya cikin 'yan kwanaki? Sannan gubar da ta lulluɓe ƙarfe ba ta sauka da hantsi ta dawo da asuba.

Wanda ya kama bakin zaren wani matashi ne mai rewaya, ɗan garin Anka, da ya yi koyon aiki a Kaduna ya dawo gida. Ba shi da babbar kwamfuta. Ɗan abin da ake cusawa a soket ne da shi, yana magana da wayarsa ta Bluetooth. Kafin ya jona komai ya zauna a kan benci ya fara tambaya.

"Baba, yaushe ta fara?"

"Da shigowar ɗari."

"Da damana ba ta yi?"

"Ko kusa."

"In kana bisa hanya ka ba ta wuta, tana shaƙewa?"

"A'a. Gudu sai wanda ya gani."

"Tun da wutar ta dawo, akwai wanda ya taɓa batir?"

Babu. Ya ce alhamdulillahi, sannan ya jona. Lambar dai ita ce, P0171, amma bai tsaya a kanta ba. Ya buɗe bayanin da ƙwaƙwalwar ta ajiye a lokacin da ta kama matsalar: mota a tsaye, inji a silo, ruwan lagireto bai gama zafi ba. Sannan ya duba wasu lambobi biyu da kowace mota mai wannan tsari ke nunawa, wato ƙarin man da ƙwaƙwalwa ke yi a kan lissafinta na asali. Ɗaya na nan take ne, yana motsi kowane daƙiƙa. Ɗayan na dogon zango ne, abin da ta koya ta riƙe. A lafiyayyar mota su biyun suna wasa ne kusa da sifiri, ba su cika wuce kashi 10 cikin 100 sama ko ƙasa ba. Na Kawu na dogon zango ya haura 20 a silo.

"Sensar nan mai ɗanɗanon miya ce, Baba," in ji shi. "Ta ce gishiri ya yi kaɗan. Ba ta san ko mai awon gishirin ne ya rage hannu ba, ko wani ne ya zagaya ya tuttula ruwa a tukunya. In ka kore ta ka kawo wata, ita ma abin da za ta faɗa ke nan."

Ya lissafa inda abin zai iya fitowa: ko man ne ba shi da kyau, ko ba ya isowa yadda ya kamata, ko eyafulo na rage awo, ko kuma iska na shigowa ta ɓarauniyar hanya bayan an gama awon. Ya ce za a bi su ɗaya bayan ɗaya, daga mai araha zuwa mai tsada, kuma ba za a sayi ko noti ba sai an kama mai laifi.

Man aka fara tuhuma, don Kawu kan sha a hannun 'yan bumburutu idan tafiya ta kama shi a ƙauye. Yankin ya san wahalar mai: a watan Satumbar 2021 gwamnatin Zamfara ta Bello Matawalle ta hana sayar da fetur a jarka, aka rufe kasuwannin mako, aka katse layukan waya. A Fabrairun 2022 kuma ƙasar gaba ɗaya ta sha fama da fetur ɗin da aka shigo da shi daga Antwerp ta Beljiyam, mai ɗauke da sinadarin metanol fiye da kima. Irin wannan man na iya haifar da P0171 kai tsaye, domin metanol na buƙatar iska ƙasa da rabin wadda fetur ke buƙata, sai haɗin ya fito da rarar iska. Gwajin da yaron ya yi kowa zai iya yin sa a gida. Ya samo farar kwalbar lemo, ya zuba ruwa kamar faɗin yatsa biyu, ya ɗaura zare daidai inda ruwan ya tsaya. Ya zuƙo fetur daga motar ya cika kwalbar, ya toshe, ya girgiza sosai, ya ajiye a inuwa. Ruwa ya fi fetur nauyi, zai koma ƙasa; idan akwai metanol ko danginsa a cikin man, zai bar fetur ya bi ruwan, sai ruwan ya haura zaren. Muka zuba ido har kwalbar ta kwanta. Ruwan ya tsaya cak a kan zare.

Sai famfon mai, wanda tuni wani ya ba Kawu shawarar ya saya. A wannan injin, 1ZZ-FE mai lita 1.8, famfon yana cikin tanki a ƙarƙashin kujerar baya, kuma ana son ƙarfin turinsa tsakanin 44 da 50 a ma'aunin psi. Yaron bai ko ɗaga kujerar ba. Ya sa Kawu ya taka totur ya riƙe a juyi 2,500 a minti, yana kallon waya. Ƙarin man ya zubo ƙasa, ya dawo ƙasa da 10. Ya saki totur, ya sake hawa. Hujjar a fili take: famfon da ya gaji ko nozul da ya toshe sun fi nuna gazawa a lokacin da inji ke neman mai da yawa. Wannan kuwa da an ba ta wuta sai ta samu sauƙi. Famfo ya kuɓuta, kuɗin Kawu ma suka kuɓuta. A nan ne kuma ya lura sabuwar sensar na amsawa idan an fizgi totur, amma da ɗan nawa. Ya ce a ajiye wannan a gefe tukuna.

Da aka kwance eyafulo, wadda sukurori biyu ne kawai ke riƙe da ita, sai kowa ya ce an kama ɓarawo. Siraran wayoyin da ke cikinta, waɗanda ake ɗumamawa iska na sanyaya su a gane yawanta, sun yi butu-butu da jar ƙura. Aka buɗe eyakilina, ashe filtar ta yage a gefe saboda yawan bugawa a jikin taya da hurawa da injin mai faci. Ya fesa wa wayoyin ruwan wankinsu ba tare da ya taɓa su ba, ya bari suka bushe, aka sa sabuwar filta. Awon juyi 2,500 ya ƙara matsowa kusa da sifiri. Kawu ya fara sa albarka. Yaron dai bai saki fuska ba, don na silo bai motsa yadda yake so ba, kuma dattin eyafulo ya fi nuna kansa a gudu. Ya ƙi karɓar kuɗi, ya ƙi goge lamba, ya ce a ga abin da safiya za ta yi.

Safiya ta yi abin da ta saba.

"Baba, ka bar mini ita ta kwana nan," ya ce da Kawu ya dawo ransa a ɓace. "Mu uku munka duba motag ga, duk da zafinta munka gan ta. Kafin ka iso wurin kowa ta riga ta warke."

Abin da ya ɓoye ciwon ke nan tun farko. Mai Gusau ya gan ta bayan doguwar tafiya. Dattijon Anka ya gan ta da hantsi. Babu wanda ya taɓa tsayawa a kanta a lokacin da take ciwon.

Aka idar da sallar asuba muka hallara, hazo ya rufe gari, masu shayi sun kewaye wuta, ƙarfen bonet na cizon yatsa don sanyi. Ya jona wayarsa kafin a murza makulli. Injin ya tashi yana tsalle a kan kujerunsa. Aka ɗan jira sensa ta yi ɗumi ta fara kawo rahoto, sai ga ƙarin man nan take yana hawa a kan na dogon zango, jimillarsu ta haura 30. Ya ɗauki guntun tiyo ya kara baki ɗaya a kunne, yana yawo da ɗayan a jikin inji. Ya matse tiyon da ke zuwa birki da filaya, babu canji. Ya matse na numfashin murfin inji, babu canji. Sannan ya ɗauko gwangwanin wankin kafireta, ya sa ɗan siririn bututunsa, ya ce kowa ya ja baya da sigari, ya fara fesawa kaɗan kaɗan a inda baƙin manifol na roba ya haɗu da kan inji na alminiyam. Bakin farko shiru. Na biyu shiru. Da ya kai ƙarshen layin, ta ƙasa inda ido ba ya gani, sai injin ya ɗaga murya ya daidaita sumul, lambar da ke kan waya ta faɗo har ƙasa da sifiri. Bayan 'yan daƙiƙu ruwan ya ƙone, karkarwa ta dawo, lamba ta sake hawa. Ya miƙa wa Kawu gwangwanin ya ce ya fesa da hannunsa. Kawu ya fesa, injin ya sake amsawa.

"Ikon Allah," in ji Kawu. "Ashe nan ta ka sha."

Yaron ya ce a ƙara haƙuri, kada a kashe. Muka tsaya har allurar zafi ta hau tsakiya. Ya sake fesawa a wurin, injin ko gezau. Ƙofar ta rufe kanta.

Daga nan komai ya hau layi. Tsakanin manifol da kan inji akwai gaskit na roba da ke toshe bakunan iska huɗu. Shekara wajen 20 yana shan zafi yana hucewa, ya bushe ya daina tashi. Da sanyi roba da alminiyam kan tsuke, kowanne da gwargwadonsa, sai 'yar kafa ta buɗe. Da sun yi zafi su kumbura su matse ta. Shi ya sa damina ba ta nuna ba sai hunturu, kuma hantsi ke warkar da ita. A silo bakin totur a rufe yake, injin na zuƙa da ƙarfi ta duk inda ya samu, iskar da yake sha kuwa 'yar kaɗan ce, giram biyu ko kusa da haka a daƙiƙa. Ɓarauniyar iska ko yaya take babban kaso ce a cikin wannan. Idan aka buɗe totur sai ta ɓace a cikin yawa. Kuma da yake ta bayan eyafulo take shiga, ƙwaƙwalwa ba ta san da ita ba, sai dai ta ji sensa na kukan rarar iska. Kamfanin Toyota da kansa ya taɓa fitar da sanarwa ga makanikansa a Amurka kan wannan gaskit a Corolla na waɗannan shekaru, ya kuma sauya shi da wani mai ruwan lemo. Don yankuna masu ƙanƙara aka rubuta sanarwar. Ɗarin Zamfara bai kai can ba, amma robar da ta tsufa haka ba ta jiran ƙanƙara.

Da aka kwance manifol ɗin aka ga gaskit ya lafe ya yi ƙarfi, ana lanƙwasa shi ya karye. A gefen bakin ƙarshe akwai siririn layin jar ƙura da ya ratsa fuskar alminiyam daga waje zuwa ciki. Dattijon makaniken, wanda ya zo kallo kuma shi ya taimaka da kwancewar, ya kawo shawarar a shafa gam a mayar. Yaron ya ce, cikin ladabi, "Oga, a yi haƙuri, wani gam ɗin tururinsa na bin hayaƙi ya yi wa sensa farin lulluɓi, mu gudu ba mu tsira ba." Aka ba wani direban Kano saƙo ya sayo mai ruwan lemon a Ƙofar Ruwa. Kuɗinsa bai kama ƙafar na sensar Gusau ba.

Kawu ya daɗe yana kallon layin ƙurar nan. Ta wani ɓangaren zarginsa ya tabbata: ƙura ta shiga injin ba tare da ta bi filta ba, ta yagaggiyar filtar ma ta shiga. Ɓarnar irin wannan cin ringi da silinda ce, don haka aka juye baƙin mai aka zuba sabo. Game da dalma kuwa, yaron ya ce a ɗauko tsohuwar sensar daga but. Wadda dalma ta ci takan yi lulluɓi mai ƙyalli a kai. Ta Kawu ruwan ƙasa ce mai haske, ramukanta a buɗe, irin ta lafiyayyen inji. Inda na ga tsoron Kawu ya fi cancanta shi ne wajen filta da shimfiɗun ƙafa da but. Motar da ke bin wuraren da ake niƙa dutse tana kwaso ƙurarsu, kuma duk wanda ya zo ya kakkaɓe su a tsakar gida ya kawo wa yaransa abin da aka sha wahalar kankarewa a 2010. Tsohuwar filtar a leda aka ƙulle ta aka binne, kuma Kawu ya koma wanke cikin motar da ruwa a bayan gari.

Da sabon gaskit, ƙarin man silo ya yi ta sauka da kansa har ya zauna ƙasa da 5, safiya ta zo mota ta tashi ba gardama. Amma wutar ta ƙi mutuwa. Aka sake jonawa, sai ga baƙuwar lamba, P0133, wadda ke nufin oksijin sensa ta gaba na jinkirin amsawa. Nawar nan ce da yaron ya ce a ajiye a gefe. Lafiyayyar sensa a wannan ƙirar tana kai da komo tsakanin kusan bolt 0.1 da 0.9 ba ƙaƙƙautawa. Ta Gusau, wadda ba ta da ko tambarin kirki a jiki, sai ta yi kamar ta tsaya sannan ta juya. Aka cire ta aka mayar da tsohuwar Denso da motar ta zo da ita, layin da ke kan waya ya kama hawa da sauka da sauri.

Ko a nan yaron bai goge komai ba. Tsarin ya tanadi cewa idan mota ta yi tafiya uku a jere ƙwaƙwalwa ba ta sake ganin matsalar ba, ita da kanta za ta kashe wutar, kuma wannan ne kawai shaidar da ya yarda da ita. Hakan kuwa aka yi, a kan hanyar dawowa daga Daki Takwas. Lambar kanta tana zama a ajiye har sai injin ya yi zafi ya huce sau 40 lafiya, sannan ta share kanta, don haka ya ja kunnen Kawu kada ya bari kowa ya cire masa kan batir kafin ɗari ya wuce.